Digiri Uku

Ƙarfe bakwai na buɗe shago a Ƙofar Ruwa,
warin giris ya riga ni tashi.
Na yaye buhun da ke kan inji,
na shafa bayansa kamar mai taya akuya a kara.

Bututu ashirin jingine da bango,
kowanne a miƙe, kowanne da taurin kai,
ba wanda ya taɓa rusuna wa kowa.
Takardar ɗan kwangila ta jiƙe da gumi a aljihuna:
asibitin haihuwa ne a Gyaɗi-Gyaɗi,
ɗaki shida da dogon baranda.

Na ja tef, na sa alli.
Malam Gwadabe ya ce awo sau biyu, taku sau ɗaya,
don inji ba ya jin “tsaya, na yi kuskure.”
Na zura bututu a muƙamuƙinsa,
zanen alli daidai bakin kibiya,
na naɗe hannun riga, na janye yatsuna.
Bismillah. Na taka.

Gurnani.
Ƙarfe ya fara sunkuyawa a hankali
kamar dattijo zai ɗauki carbinsa a ƙasa.
Allura tana hawa: talatin, sittin, tamanin,
idona ko ƙiftawa babu.
Casa'in nake nema, amma sai na kai casa'in da uku,
don ƙarfe in ka sake shi
sai ya ɗan ja da baya, ya karɓe abinsa.
Digiri uku. Haƙƙinsa ne.
Malam ya ce mutum ma haka yake:
wanda ka tanƙwara ya yi shiru,
kada ka ce ya yarda duka.

Shi shekara talatin da gwiwa yake lanƙwasawa,
ya dafa, ya taka, ya saki nauyin jikinsa.
Yau a zaune yake salla,
ƙafar dama a miƙe kamar bututun da ba a taɓa ba.
Ranar da a-kori-kura ta sauke injin nan
ya zagaya shi sau biyu, bai ce uffan ba,
ya tafi sayen goro.

Na goma sha ɗaya na ɓata.
Waya ta yi ƙara a aljihu, ido ya bar allura,
cikin bututu ya lotse.
Na ce ai siminti zai rufe, wa zai gani?
Malam ya zura yatsa ya shafo wurin:
“Waya ta ɓata, waya kuma za ta gani.
Nan za ta kurje, shekara biyar, shekara goma,
wani dare, wata tana naƙuda a gindin bangon.”
Na jefa shi kan tarin gwangwan.
Kuɗinsa daga aljihuna.

Ana kiran azahar aka ɗauke wuta,
allura a tsaye kan arba'in da biyar,
bututu rabi a rusune
kamar mai ruku'u da liman ya manta da shi.
Janareto ba mai.
Ni mai yi wa wuta hanya,
ga ni zaune a bakin hanya ina jiran ta,
ina fifita da kwali.

Sai bayan la'asar yara suka yi ihu daga lungu.
Inji ya farka, ya ɗora daga inda ya tsaya,
ba gaisuwa, ba ban haƙuri.

Jibi mai fulasta zai binne aikina,
fenti ya hau, a rataya kalanda.
Wata nas za ta danna maɓalli da gwiwar hannu
don hannuwanta biyu suna ɗauke da jariri,
haske ya zo, ba ta tambayi ta ina ya biyo ba.
Ta nan ya biyo, ta wannan kwanar,
ta digiri ukun da na bar wa ƙarfe.

Na goge giris a jikin wando,
na ƙirga: goma sha tara.
Malam yana laluben sandarsa.
Ya ce gobe da sassafe in sayo ɗaya,
in kuma kashe wayata kafin in taka.